Ana Zaton Wuta a Maƙera: Kifin Shak da Masu Nutso a Teku

A ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba na 2010, garin Sharm el-Sheikh na ƙasar Masar ya shiga wani hali da bai saba gani ba. Garin yana ƙarshen kudancin yankin Sinai, a bakin Bahar Maliya, kuma arzikinsa ya rataya ne a kan baƙin da ke zuwa daga Turai su sha rana, su yi iyo, su kalli duwatsun murjani. Cikin kwana biyu kifin shak ya raunata mutum huɗu, 'yan Rasha uku da ɗan Yukren ɗaya. Hukumomi suka rufe bakin teku, suka fita farauta, suka kashe shak biyu, aka nuna wa 'yan jarida gawarsu. Ranar 4 ga Disamba aka sake buɗe wuraren iyo. Washegari shak ya kashe wata Bajamushiya mai kimanin shekara 70, a kusa da gaɓa.

Hankali ya tashi ƙwarai, har gwamnan Kudancin Sinai na lokacin, Mohamed Abdel Fadil Shousha, ya ƙi kore jita-jitar da ke yawo cewa hukumar leƙen asirin Isra'ila ce ta sako kifin don ta karya yawon buɗe idon Masar. Duniya ta yi ta dariyar wannan magana, dariyar kuma ta rufe wani abu da ya fi ta muhimmanci. Da aka sake rufe teku, masu iyo aka hana shiga, da masu leƙen murjani daga saman ruwa. Gogaggun masu nutso, waɗanda ke goya tukunyar iska su sauka mita ashirin ko talatin, an bar su su ci gaba da aikinsu a wasu wurare. Wato wanda ya fi kusa da kifin, wanda ke shiga har cikin gidansa, shi aka ɗauka ya fi aminci.

Duk wanda bai san teku ba zai ga kamar an kifa hankali ne. Amma hukuncin yana da tushe, kuma tushen ya bayyana inda hatsarin yake, da inda mutane suke zaton yake.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Tun 1958 ake tara bayanan cizon shak na duniya a wani kundi guda, wanda a yau yake hannun gidan adana tarihin halittu na Jami'ar Fulorida a Amurka. Masu kundin suna raba cizo gida biyu. Akwai wanda mutum ya jawo da kansa, kamar ya taɓa kifin, ko ya ba shi abinci, ko ya soke shi da mashi, ko yana ƙoƙarin cire shi daga ƙugiya. Akwai kuma wanda ya faru ba tare da tsokana ba. A 2023 an samu cizo 69 na rukuni na biyu a duk faɗin duniya, mutum 10 suka mutu. A 2024 adadin ya sauko zuwa 47, mutum 4 suka mutu. Wannan kuwa a duniyar da miliyoyin mutane ke shiga teku kowace rana.

Rabe-raben da ke cikin adadin sun fi jimlar faɗakarwa. A 2023, kashi 42 cikin ɗari na waɗanda aka ciza masu hawa igiyar ruwa ne a kan allo, kashi 39 masu iyo ne ko masu tsayawa cikin ruwa kusa da gaɓa, kashi 13 kuma masu leƙe da bututun numfashi ne ko masu nutson riƙe numfashi. Masu nutso da tukunyar iska suna cikin ɗan ragowar. Haka lissafin yake fitowa shekara bayan shekara: yawancin cizo a saman ruwa yake faruwa, ko dab da shi.

Nau'in shak ya haura 500, daga wanda bai kai tsawon tafin hannu biyu ba zuwa wanda ya fi motar bas tsawo kuma ba ya cin komai sai ƙananan halittun da yake tacewa daga ruwa. Uku ne kawai ke da alhakin mafi yawan mace-macen da aka rubuta: babban farin shak, da mai zane a jiki irin na damisa, da wanda Turawa ke wa laƙabi da bajimi, mai iya shiga har cikin koguna. Na huɗunsu, wanda ake jin tsoronsa a tsakiyar teku, shi ne mai farin tabo a bakin fukafukansa, kuma shi aka fi zargi a Sharm el-Sheikh.

Me ya sa sama ta fi ƙasa hatsari

Shak ba ya ganin duniya yadda ɗan Adam yake ganinta. Yana da layi a gefen jikinsa da ke jin motsin ruwa daga nesa, yana jin ƙananan sauti irin na kifin da ya ji rauni yana fafutuka, kuma a hancinsa akwai wasu ƙananan ramuka da wani masani ɗan Italiya, Stefano Lorenzini, ya bayyana tun 1678, waɗanda daga baya aka gano suna jin ɗan ƙaramin lantarkin da ke fita daga jikin kowace halitta mai rai. Mai iyo a saman ruwa yana aika duk saƙonnin da waɗannan gaɓoɓi ke jira: yana dukan ruwa da hannu da ƙafa, motsinsa ba daidai ba, kamar na dabbar da ke cikin wahala.

Ga kuma batun haske. Babban farin shak yakan farauci dabbobin teku masu shayarwa ne daga ƙasa, ya hango inuwarsu a kan hasken sama, ya taso da gudu. A 2021 wasu masu bincike a Jami'ar Macquarie ta Ostireliya, ƙarƙashin jagorancin Laura Ryan, suka ɗauki hotunan bidiyo daga ƙarƙashin ruwa na mutane suna iyo, da masu kwanciya a kan allo, da irin dabbobin da shak ke ci, sannan suka tace hotunan gwargwadon ƙarfin idon matashin farin shak. Sakamakon ya nuna cewa a idon kifin, inuwar mutum da ta abincinsa ba su da wani bambanci na a zo a gani. Wannan ya yi daidai da abin da aka daɗe da lura da shi, cewa sau da yawa farin shak yakan yi cizo ɗaya ya saki ya tafi. Sai dai cizo ɗaya daga bakin kifin da ya kai mita huɗu ya isa ya tsinke babbar jijiya, kuma zubar jini ce ke kashe mafi yawan waɗanda suka mutu.

Mai nutso da tukunyar iska yana cikin wani yanayi dabam. Yana tsakiyar ruwa, kifin yana ganinsa sarai, da girmansa da siffarsa, kuma siffar ba ta yi kama da ta wani abinci da ya sani ba. Tafiyarsa a hankali take. Kumfar da ke fita daga bakinsa tana da ƙara a ƙarƙashin ruwa, har masu ɗaukar hoto kan koka cewa ita ke korar musu kifin da suka biya kuɗi mai yawa don su gani. Yana tare da abokai, ba shi kaɗai ba. Mafi girma duka, yana iya juyawa ya fuskanci kifin, ido cikin ido. Dabbar da ke farauta ta hanyar kwanton ɓauna ba ta son abin da ya riga ya gan ta.

Wannan kariya tana da iyaka, kuma iyakarta tana nan inda nutso ke ƙarewa. Dole mai nutso ya hau sama, ya tsaya ɗan lokaci a zurfin mita biyar, sannan ya yi yawo a saman ruwa yana jiran jirgi, ƙafafunsa na lilo a ƙasa. A waɗannan mintuna ya koma kamar kowane mai iyo. A ranar 30 ga Nuwamba, 2017, a tsibirin Kokos na ƙasar Kosta Rika, shak mai zanen damisa ya kashe wata Ba'amurkiya a daidai lokacin da take hawowa daga nutso, ya kuma raunata jagoran da ya yi ƙoƙarin kare ta. A Yuni 2016 ma shak ya kashe wata mai nutso 'yar shekara 60 a kusa da birnin Perth na Ostireliya. Hatsarin ƙarami ne, amma yana nan.

Ruwa ba ya tsami banza

Da gwamnatin Masar ta gayyato masana daga waje, ciki har da George Burgess wanda ke kula da kundin Fulorida a lokacin, tambayar da suka sa a gaba ita ce me ya kawo kifin tsakiyar teku bakin gaɓa. Sun lissafa dalilai da dama. A wannan yanki ruwa mai zurfin gaske yana farawa ne 'yan mitoci kaɗan daga inda baƙi ke iyo. Kamun kifi fiye da kima ya rage abincin shak. An kuma ba da rahoton cewa wani jirgin ruwa mai dakon tumaki, a daidai lokacin Babbar Sallah ta wannan shekara, ya zubar da mushen waɗanda suka mutu a hanya cikin teku, abin da ake ganin ya jawo kifayen zuwa yankin. Dalilin da ya fi shafar masu nutso shi ne na ƙarshe: wasu suna ba shak abinci a ɓoye, duk da doka ta hana, don su burge baƙinsu. Wasu daga cikin masanan sun lura cewa an ciji mutanen ne a hannu da ta baya wajen ƙugu, wato inda mai ciyarwa ke miƙa kifi da inda yake rataye jakarsa.

A nan ne maganar ta koma kan ɗan Adam. Kallon shak babbar sana'a ce a Bahamas, da Fiji, da Afirka ta Kudu, da kudancin Ostireliya. Kifin kuwa ba ya zuwa don an biya kuɗin jirgi, sai an kira shi da jini da gutsattsarin kifi. Masu sana'ar suna da hujja mai ƙarfi: shak mai rai da baƙi ke biya su gani shekara da shekaru ya fi wanda aka kashe sau ɗaya amfani ga mutanen wurin, kuma wannan lissafi yana cikin abin da ya sa Bahamas ta haramta kamun shak don kasuwanci a ruwanta a 2011. Masu suka kuma suna cewa dabbar da ta koyi haɗa mutum da abinci ba za ta bambance wanda ya zo da abincin da wanda ya zo hannu rabbana ba. Jihar Fulorida ta bi ra'ayin masu suka, ta hana ciyar da shak a ruwanta tun 2001. A Fabrairu 2008 wani lauya ɗan Ostiriya ya mutu bayan shak ya cije shi a ƙafa a ruwan Bahamas, a wani nutso da aka shirya da abincin jawo kifi, ba tare da keji ba. A ƙarshen 2018 Masar ta rufe tsibiran da ake kira 'Yan'uwa a Bahar Maliya na wasu watanni, bayan an ciji masu nutso a jere, kuma cikin abin da aka zarga har da shara da ragowar abincin da jirage ke zubarwa.

Haka batun yake ga masu kamun kifi da mashi a ƙarƙashin ruwa, waɗanda ke ɗaure kifin da suka soka a ƙugunsu yana zubar da jini, da masu tsintar dodon koɗi mai tsada a ruwan Ostireliya, kusa da mazaunin dabbobin da farin shak ke ci. Waɗannan su ne masu nutson da hatsarinsu ya fi na kowa, kuma dalilin a fili yake.

Sauran mazauna teku

Yawancin raunukan da halittun teku ke yi wa masu nutso ba na farauta ba ne, na kare kai ne. Akwai wani kifi mai kama da maciji da ke zaune a ramukan murjani, ba ya fita neman kowa, amma wanda ya cusa hannu a raminsa zai iya rasa yatsa. Akwai wani mai kaurin jiki da manyan haƙora da ke gadin ƙwansa, yana bin duk wanda ya ratsa ta kan sheƙarsa da cizo. Barakuda kan kai wa abu mai ƙyalli hari, kamar agogo ko sarƙa, don ya ɗauka ƙaramin kifi ne, musamman a ruwa mai duhu.

Kunamar ruwa, kifin nan mai faɗi kamar faifai da ƙaya a wutsiya, wanda masuntan Binuwai suka san ƙaramin danginsa, ita ce ta kashe Steve Irwin, shahararren mai shirin namun daji na Ostireliya, ranar 4 ga Satumba, 2006. Mutumin da ya shafe rayuwarsa yana kokawa da kadoji, ƙayar kifin da ba ya farautar mutane ce ta soke shi a ƙirji, a ruwa marar zurfi. Kada na ruwan gishiri, a arewacin Ostireliya da tsibiran kudu maso gabashin Asiya, shi ne wanda za a iya cewa yana kallon mutum a matsayin abinci ba tare da kuskure ba, shi ya sa inda aka san yana nan ba a wasa da shiga ruwa.

Inda wutar take tashi

In ba haƙori ba, me ke kashe masu nutso? Ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a Amurka a 1980 don lafiyar masu nutso, ta daɗe tana bin wannan tambaya. A 2008 Petar Denoble da abokan aikinsa suka wallafa nazarin mutuwar masu nutso 947 tsakanin 1992 da 2003. A cikin waɗanda aka gano mafarin matsalarsu, kashi 41 cikin ɗari iska ce ta ƙare musu ko ta yi ƙaranci, kashi 20 maƙalewa suka yi a kogo ko tarkacen jirgi ko igiya, kashi 15 kuma kayan aiki ne suka ba su matsala. Ta fuskar abin da ya kayar da su, kashi 33 shaƙewa ce, kashi 29 kumfar iska ce ta shiga jijiyoyin jini, kashi 26 ciwon zuciya ne.

Kashi 29 ɗin nan yana buƙatar bayani, domin a nan ne tsoro da mutuwa suke haɗuwa. Kowane mita goma na zurfi yana ƙara wa jiki nauyi daidai da na dukkan iskar da ke saman duniya. Mai nutso a zurfin mita goma yana shaƙar iskar da aka matse ninki biyu. Idan ya firgita, ya riƙe numfashi, ya harba sama, iskar da ke huhunsa za ta kumbura ta ninka girmanta kafin ya iso. Huhu ba ya jure haka: yakan yage, kumfa ta shiga jini, ta toshe hanyar ƙwaƙwalwa cikin mintuna. Ko da bai riƙe numfashi ba, hawa da gaggawa yana sa iskar naitrojin da ta narke a jikinsa ta tashi kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe bayan an girgiza, ta shiga gaɓoɓi da laka, har ta kai ga shanyewar jiki. Saboda haka dokar farko da ake koya wa kowane ɗalibi ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi, ta biyu kuma ya hau a hankali.

Ma'anar wannan ita ce, mai nutson da ya hango shak a zurfin mita 25 ya fi fuskantar hatsari daga abin da zuciyarsa za ta umarce shi da yi fiye da abin da kifin zai yi. Gudun da ya cece shi a tudu, a ruwa shi ne ajalinsa, kuma inda yake gudu zuwa, wato saman ruwa, nan ne kifin ya fi cizo. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Wani lokacin ma hatsarin yana cikin jirgin da ya kawo shi. A ranar 2 ga Satumba, 2019, gobara ta kashe mutum 34 a wani jirgin masu nutso a gaɓar Kalifoniya, suna barci. Wannan dare ɗaya ya ci rayukan da suka ninka na duk cizon shak na shekara guda a duniya sau da yawa. A Nuwamba 2024 wani jirgin masu nutso ya kife kusa da Marsa Alam a Bahar Maliya, mutum 11 suka mutu ko suka ɓace. Amma baƙon da ke shirin tafiya yakan tambayi ko akwai shak a wurin, da wuya ya tambayi inda ƙofar gudun gobara take.

Farashin tsoro

Ba laifin kowa ba ne ya ji tsoron a cinye shi da rai. Tsoro ne da ya girmi wayewa. Sai dai an yi masa taki. Littafin Jaws na Peter Benchley ya fito a 1974, fim ɗin Steven Spielberg ya biyo baya a 1975, suka dasa wa duniya hoton kifi mai ƙiyayya da ke bin mutane da gangan. Benchley kansa ya ƙare rayuwarsa yana fafutukar kare shak. A 2013 wani nazari da Boris Worm na Jami'ar Dalhousie ta Kanada ya jagoranta ya ƙiyasta cewa mutane na kashe shak kimanin miliyan 100 kowace shekara, don nama, don fukafukansa da ake miya da su a gabashin Asiya, ko kuma bisa kuskure a cikin komar da aka shimfiɗa don wani kifi. Mai farin tabon nan da aka zarga a Masar, wanda a da yake cikin manyan kifayen da suka fi yawa a tsakiyar teku, an sa shi a jerin halittun da ke dab da ƙarewa a 2019.

Tsoron da aka ajiye a inda bai dace ba yana da asara biyu. Yana sa hukuma ta kashe kifin da ta samu don ta kwantar da hankalin jama'a, ta bar dalilin da ya kawo shi. Yana kuma ɗauke idon mai nutso daga agogon da ke nuna masa sauran iskarsa, wanda shi ne ainihin abin da ransa ya rataya a kai.

Abin da gogaggu ke koyarwa ba shi da yawa, kuma babu jarumtaka a cikinsa. Kada a shiga inda ake zubar da jini ko ragowar kifi. A guji ruwa mai duhu da lokutan asuba da magariba a inda manyan shak suke. Idan kifin ya zo, a tsaya tare, a miƙe tsaye a cikin ruwa, a riƙa kallonsa, a matsa a hankali zuwa jikin murjani ko igiyar jirgi. A rage zaman jira a saman ruwa. A tabbata akwai abin ɗaure jijiya a jirgi, da wanda ya iya amfani da shi. Kafin duk wannan, mutumin da ya haura shekara 45 ya je likita ya duba masa zuciya, kowa kuma ya duba tukunyarsa da ta abokinsa kafin su faɗa ruwa. Wanda ya kiyaye waɗannan, in ya yi sa'ar ganin shak yana wucewa a cikin shuɗin ruwa, zai iya tsayawa ya kalle shi da kyau, domin abu ne da kowace shekara ake ƙara wahalar gani.